Tafi Ɗaya na Geron Kakana

Ruwan saman ƙasar nan ba shi da ƙamshi. Tun da na zo nake zama a bakin taga ina buɗe hanci, ko Allah zai sa in ji ƙamshin nan da ƙasa ke yi in ta sha ruwan fari, amma ina! Ya sauka da safe, ya sauka da yamma, ya wanke kwalta da motoci ya bi rariya ya tafi, ba mai fitowa tsakar gida ya ɗaga hannu ya ce alhamdu lillahi. Haushinsa ma suke ji. Ni kuwa da na tashi a inda ake yi wa hadari addu'a tun yana ɗan baƙi-baƙi a gabas, sai in riƙa kallon wannan asara ina girgiza kai. Autata ce ta kawo ni, ita ke aure a nan ƙasar Turawa, aka ce in zo in yi mata wankan jego. A zamaninmu mai cikin fari ita ke tattara kayanta ta tafi gaban uwarta goyon ciki. Yanzu uwar ce ake sakawa a jirgin sama, da tsufanta da ciwon gwiwarta, a kai ta gaban 'yar, ta zauna gida ɗaya da suruki suna gilma wa juna a ƙofar banɗaki. To, duniya ce. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni kakana ne, mahaifin babana, wanda ya rasu tun ban isa ɗaukar babban tulu ba, kuma sai a nan, bayan na yi furfura, na yi masa kuka.

Ƙauyenmu yana can wajen Ɗanzomo, ƙasar rairayi, inda rijiya ke da zurfin da sai an ɗaura wa bijimin sa igiya yake jawo guga. Ba mu da agogo, kunne ne ke gaya mana lokaci. In an yi kiran assalatu sai ka ji ƙarar igiya a bakin rijiya, sai kukan 'yan awaki, sai kuma luguden mata ya tashi, wannan gida ya amsa wa wancan har gari ya ɗauka. Daga jin lugude za ka san gidan da aka yi baƙi, za ka san matar da ta kwana da fushi, don taɓaryarta ta fi ta kowa sauka da ƙarfi. Mu yara mata aikinmu ba ya ƙarewa: sheƙa, tsince tsakuwa, korar kaji daga shanya, kai fura gona da tsakar rana rairayi na ƙona mana ƙafa muna tsalle daga inuwar wannan aduwa zuwa waccan. Matan Fulanin da ke rugar bayan gari su shigo da ƙoransu, a auna musu gero su zuba mana nono, a yi ta ciniki ana dariya. Zuwana na ƙarshe garin, ko turmi ɗaya ban ji ba. Injin niƙa ne ke ta ɓaɓatu tun safe, da babura, samarin kuma duk suna Maigatari suna lodin manyan motoci, wanda ya rage a gari kansa na sunkuye a kan waya, ko gaisuwa sai ka roƙe shi.

Kakana dogo ne siriri, mai goro a gemu, kuma ba shi da aiki sai tsokanata. Amarya yake ce mini. In na wuce sai ya ce, "Amarya, yau ma ba tuwo? Zan fa sake ki in auro mai hankali."

Ni kuma in murguɗa baki in ce, "Ka sake ni mana! Wa ke son tsoho mai warin goro?"

Sai ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Amma akwai abu ɗaya da ba ya wasa a kansa, shi ne iri. In gero ya nuna, kafin a kayar da kara, sai ya shiga gona shi kaɗai, ni ina biye da shi da kwando. Ba sauri yake ba. Ya kamo zangarniya ya murza da babban yatsa, ya ɓanɓaro ƙwaya ya ciza, ya saki, ya wuce. Sai wadda ta yi tsawo, ta cika tam ba giɓi, mai gashi-gashin nan da ke tsokane wa tsuntsu ido, ita zai yanka ya jefo mini. Geron gidanmu ke nan, ya ce ubansa ne ya zo da shi daga arewa, wajen Damagaram, kuma furarsa tana da wani ƙamshi da ko ido rufe za ka gane. Waɗannan zangarniyoyi daban ake ɗaure su, ya barbaɗa musu toka, ya sa su a wani ɗan rumbu da ke bayan ɗakinsa, ya liƙe bakin da laka da hannunsa. Na taɓa ce masa ya gasa mini guda in ci tumu. Ya daina dariya ya ce, "Amarya, wannan ba abinci ba ne, uwar abinci ce. Iri yana iya barcin damina biyu yana jiranki, a ta uku sai ya mutu a cikin barcinsa. Amma ba a cinsa. Wanda ya ci iri ya ci jikokinsa."

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Muna ji muna gani gonaki suka yi ja, suka bushe a tsaye. Kakana ya bi kwari-kwari ya tsinto 'yan zangarniyoyin da suka tsira, ya haɗa da ragowar irin bara, ya liƙe rumbunsa. Babban rumbu kuwa tun sanyi bai wuce ba muka ga ƙasansa. Babana ya bi maza suka yi kudu neman abin da za su aiko, aka bar mu da tsoho. Makiyaya suka riƙa gangarowa ta Maigatari da shanu fata da ƙashi, wasu su faɗi a hanya ba su tashi. Muka ci tafasa, muka ci dusa, muka tona gidan tururuwa muna kwashe abin da suka tara. Muka koma kan anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an yi ta jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Abin da ya fi tsorata ni ba yunwar ba ce, shirun ne. Gari ya waye ba lugude ko ɗaya, turame a kife, kaji ma an cinye su. Gidaje da yawa suka fasa irinsu suka daka, kuma ba na ganin laifinsu. Shi kuwa kakana ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a gindin ɗan rumbun nan, nan yake sallah, nan yake wuni da sandarsa a gefe.

A lokacin Inna, mahaifiyata, tana goyon ƙanena. Nononta ya ƙafe. Yaron da ke cika gida da kuka ya koma wani ɗan siririn kuka kamar na ɗan mage, wuyansa ba ya riƙe kansa. Ku tuna fa, Inna ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukinta ba. In ta hango shi tafe sai ta kauce hanya ta durƙusa, ko sunansa ba ta faɗa, ko mai irin sunansa sai dai ta sa masa wani. Amma ran nan da hantsi na ga ta ɗauki 'yar ƙwarya, goyo a baya, ta nufi bayan ɗakinsa. Na bi ta. Ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa.

"Baba, barka da hantsi."

"Barkanmu dai, 'yar nan. Ya mai jiki?"

"Baba, shi ne na zo. Ko tafi ɗaya ne. In dama kunu in sha, ko Allah zai sa ruwan nono ya zo. Tafi ɗaya kawai, ba zan ƙara tambaya ba."

Ya dubi rumbun, ya dubi goyon. Sa'an nan ya ce, "'Yar nan, in na buɗe yau, gobe ma zan buɗe. Ki yafe mini."

"Jikanka ne fa, Baba."

"Na sani."

Ita ke nan maganar. Inna ta tashi da ƙwaryarta wayam. Daga ranar, duk abin da aka zuba masa na anza ko tafasa sai ya kira ni ya ce, "Amarya, kai wa uwarki." In na ce shi fa, sai ya ce ya ƙoshi, goro ya ci, alhali rabonsa da goro tun kafin babana ya tafi. Inna ta ci, amma anza ba ta kawo nono. Ƙanena ya rasu a bayanta tana tsaye tana tankaɗen dusa, ba ta ma sani ba sai da maƙwabciya ta ce ta sauko da shi ta gani. Kakana ne ya sallace shi, shi ya ɗauke shi a hannu zuwa makwanci, ya dawo ya zauna a kan buzunsa. Inna ta ci gaba da aje masa ruwan alwala kamar kullum, amma ba ta ƙara ce masa barka da hantsi ba. Ni ma na ɗauki fushinta na yafa. In ya ce Amarya sai in yi kamar da bango yake.

Da bazara ta tsananta, iska ta fara juyawa, kakana ya riga ya zama ƙashi a cikin riga. Wata la'asar ya kira ni da wata murya da ba ta tsokana ba ce, na je na tsaya ina harararsa. Ya ce, "Buɗe hancinki. Kin ji? Yana tafe. Ki gaya musu kada su yi gaggawa da ruwan fari, mayaudari ne. Su tona ƙasa da hannu, in laima ta kai gwiwar hannu, sa'an nan su fasa rumbu." Ya miƙo hannu zai dafa kaina, na goce. Washegari da hantsi na kai masa ruwa na tarar da shi jingine da rumbun, carbinsa a cinya, ido a lumshe, ƙuda na sauka a leɓensa bai kore ba.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba, kuma Allah kada Ya sake nuna mini. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suka zo daga ƙauyukan kewaye, har da tsofaffin Fulanin ruga, kowa ya ce Allah Ya jiƙansa da muryar da ba ta fita, a shafa fatiha a yi shiru. A al'adarmu ranar uku ana daka gumba a raba sadaka, yara su yi layi, kowa ya karɓa ya yi wa mamaci addu'a. Mu kuwa ko ruwan da za a ba baƙi sai an yi dabara. Wani ƙanen kakana ya shigo cikin gida ya ce, "Ai abin kunya ne a ce dattijo kamar wannan ya tafi ba sadaka. A ɗan fasa rumbun nan a ɗebi ko kaɗan ne, ai don shi za a yi." Mata suka ce gaskiya ne. Har an ɗauko fartanya za a ɓanɓare lakar, sai Inna ta miƙe, ita da ba a jin muryarta a gaban manya, ta je ta tsaya a inda buzun yake. Ta ce, "Ɗana ya tafi a kan geron nan, shi ma ya tafi a kansa. Wallahi ba mai taɓa shi sai ƙasa." Aka mayar da fartanya. Haka aka naɗe tabarmin makokin kakana ba a raba ko ƙwayar hatsi ba, ni kuma idona ƙamas, ko ɗigo ban zubar ba.

Ruwan fari ya zo ya wuce, ba mu taɓa ba. Na biyu ya sauka kamar da bakin ƙwarya, aka tona, laima ta kai gwiwar hannu, aka fasa rumbu. Sai ga waɗanda suka cinye irinsu suna sallama da 'yan ƙoƙuna, kai a sunkuye. Inna ce ta riƙa auna musu. Maza na gaba suna sara da sungumi, mu muna biye muna jefa ƙwaya muna rufewa da diddige. Kusan rabin gonakin garinmu daga ɗan rumbun nan suka tashi a shekarar, kuma gero ya yi kyan da tsofaffi suka daɗe suna labari. Babana ya dawo ya tarar ba uba ba ɗa, ya yi sadaka bayan girbi kamar yadda ya kamata. Mutane suka riƙa cewa tsoho ya ceci gari. In an faɗa a gaban Inna sai ta tashi ta shiga ɗaki, kuma ta hana a ƙara tayar da zancen a gidanmu. Ni dai har yau ban iya yanke hukunci tsakaninsu ba. In na ce ya yi daidai sai in ji kukan ɗan magen nan, in na ce ya yi kuskure sai in tuna duk wanda na sani a garin nan daga geron ya rayu, har da ni mai maganar.

Da aka kai ni Gagarawa gidan miji, a cikin kayana akwai ɗan dami guda, Inna ce ta sa da hannunta. Ta ce, "Ki riƙe shi. Kin san abin da aka biya." Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya ware mini gefe a gonarsa, duk shekara ina shiga da kwandona ina murzawa ina cizawa kamar yadda na gani. Sai damina ta fara gajarta. Aka kawo irin zamani mai saurin nuna, kowa ya koma kansa, har 'yan'uwana na Ɗanzomo, suka ce namu ya cika nawa, ruwa na ɗaukewa bai gama ba. Ban ga laifinsu ba, ciki ba ya jiran tarihi. Na waiga na ga ni kaɗai na rage da shi a duk inda na sani. Da maigida ya rasu, babban ɗana ya sayar da gonar ya sayi mota yana jigila tsakanin Gumel da Maigatari, na koma shuka 'yan layuka a bayan ɗakina, ina korar awakin maƙwabta da zagi. Yara na dariya, wai tsohuwa da gonarta ta wasa. Ban taɓa zaunar da su na ba su labarin ba, bakin Inna ya bi ni har gidan aure. Abin da na samu bara, da na sussuke shi, bai cika ƙaramar ƙwarya ba.

Shi ne da tafiyar nan ta taso na rasa inda zan bar shi. Na san halin gidan, ina juya baya za a watsa wa kaji. Na ƙulle shi a tsumma na cusa cikin kayana tsakanin kanwa da kuka da daddawa, na ce ai an ce kafin damina zan dawo, ya je ya ga duniya mu dawo tare. Mutum ke nan, yana nasa Allah na nasa. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi wa Auta aiki. Jaririya lafiya lau, a nan yaro ba ya mutuwa don rashin nono, akwai na gwangwani. Uwar ce ta riƙa tafiya a gaban idona. Yarinyar da surutunta ke hana mu barcin rana ta koma kallon bango. Ba ta ci, ba ta magana, in an miƙa mata jaririyar sai ta kawar da kai hawaye na zuba. Likitoci suka ba abin suna, suka ba da ƙwayoyi. Mijinta, yaron kirki ne wallahi, ya rame ya fita hayyacinsa, ya manta da kunyar surukuta ya zo ya tsuguna a gabana ya ce, "Umma, don Allah ki taimake ni, ban san abin da zan yi ba." Ni me na sani? Ba garwashi, ba ganyen darbejiya, ba maƙwabta masu shigowa barka su cika ɗaki da hayaniya har maijego ta manta da kanta. Gidan shiru kamar garinmu a shekarar yunwa.

Wata safiya ina shafa mata man zafi a ƙafa sai na ji ta ce, a hankali, "Umma, kunun kanwarki nake so. Irin na gida." Maganar farko ke nan da ta nemi wani abu. Mijin ya fita a guje ya zagaye kantunan 'yan Afirka ya dawo da garin gero a leda. Tun da na buɗe na ji warin daɗewa, amma na dama. Ta kurɓa sau ɗaya ta ture, ta juya ga bangonta. A ranar kuma babban ɗana ya kira a waya yana murna, wai an yi ruwa a Gagarawa har an fara shuka, wai kuma ya zuba siminti a bayan ɗakina zai fitar da shago. Na ce masa Allah Ya sa albarka. Na zauna da ƙullin nan a cinya ina lissafi: an rasa daminar bana, amma iri na barcin damina biyu, in Allah Ya mayar da ni baɗi zan roƙi wani ya ba ni layi biyu a gefen gonarsa. Bai mutu ba tukuna. Sai na ji jaririyar ta fara kuka a ɗaki, uwar kuma ko motsi.

Na ce tafi ɗaya kawai. Na kwance tsumman na ɗiba, na wanke tokar, na jiƙa, na markaɗa a ɗan injinsu da citta da kanumfari, na tace, na jiƙa kanwa na dama. Ƙamshin ya tashi ya cika gidan, wallahi sai da na dafa bango, don tsakar gidanmu ce ta shigo mini gaba ɗaya. Auta ta karɓi kofin da hannu biyu ta shanye tas, ta lashe baki, ta ce, "Akwai saura?" Washegari ta sake nema. Jibi ma haka. Ta fara tashi zaune, ta fara cin tuwo, wata rana na shiga na tarar ta sa jaririyar a ƙirji tana yi mata 'yar waƙa, nono ya zo har yana jiƙa riga. Kullum in na kwance tsumman sai in ce wannan ne na ƙarshe, sauran na ƙasa ne, kullum kuma sai in ji muryar tsoho daga gindin rumbu: in na buɗe yau, gobe ma zan buɗe. Ashe ba taurin zuciya ba ne, sanin halin zuciya ne. Ya san in ya ga yaron ya haɗiyi kurɓi ɗaya ya buɗe ido, ba zai iya sake liƙe rumbun ba.

Ran nan da safe na zazzage tsumman a hannuna, abin da ya fito bai wuce tafina ba. Daidai abin da Inna ta durƙusa ta roƙa. Na tsaya a ɗakin girkin ina kallonsa, ƙwayoyi masu toka-toka, geron da ya taso daga Damagaram a bayan jaki, wanda aka binne mutum biyu a kansa. Wannan kaɗai ya isa layi biyu. In na mayar da shi na ƙulle, ba wanda zai sani, sai in ce mata ya ƙare. Sai ta ɗaga murya daga ɗaki, da 'yar shagwaɓar nan tata ta yarinta da na fid da ran sake ji.

"Umma, yau ba kunun ne?"

Na ce, "Ga shi nan tafe."

Na buɗe hannu ya zube a ruwa. Na ce Allah Ka kai ladan kabarin kakana da na ƙanena da na Inna. Sai kukan ya zo, wanda ya ƙi zuwa a kan tabarmin makoki, ya zo da ƙarfinsa har na durƙusa a kan tayil ɗin mutane ina toshe baki da gefen mayafi don kada ta ji. Na yi kukan goce kaina da na yi, na yi kukan hannunsa da ya tsaya a iska, na yi kukan ba wanda ya rage a duniya da zai ce mini Amarya. Na kira shi a zuciyata na ce, tsoho, ka riƙe da ranka, ni ga shi na kasa. Da na gaji na wanke fuska, na tace, na dama, na kai mata.

Ta sha tana lumshe ido, jaririyar na barci a cinyarta. Ta dube ni tana murmushi ta ce, "Umma, geron nan daban ne wallahi. Ki ce Yaya ya aiko mana da wani, ko buhu guda ne."

Na karɓi kofin na ce, "To."